Gudu da Asali: Nazarin Rayuwar Tsere ta Dokin Amurka Secretariat (1972–1973)

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin rayuwar tsere ta Secretariat, dokin Amurka wanda ya ci manyan gasanni uku da ake kira Kambi Uku a shekarar 1973, ya kuma kafa tarihin gudu a kowace ɗaya daga cikinsu wanda har yau ba a karya ba. An duba yadda aka same shi, da yadda ya yi gudu, da dalilin da ya sa aka cire shi daga fage yana ɗan shekara uku. Hujjar da maƙalar ke son kafawa ita ce, a sana'ar tseren dawakin asali, darajar ingarma tana ga zuriyar da ake sa ran zai bayar, kuma wannan lissafi ne ya yanke tsawon rayuwar tseren Secretariat tun kafin ya nuna iyakar abin da zai iya.

1.0 Gabatarwa

Hausa tana da wadatar kalmomi a kan doki. Akwai ingarma da goɗiya da dukushi, akwai kili da akawal da gunya da danda. Sai dai dukkan waɗannan suna bayyana abin da ido ke gani ne, wato jinsi ko shekaru ko girma ko launi. Irin dokin da Turawan Ingila ke kira Thoroughbred kuwa ba a gane shi da ido. Littafi ne yake tabbatar da shi. Doki ba ya shiga wannan rukuni sai an samu sunan uwarsa da na ubansa a cikin kundin rajista, wanda James Weatherby ya fara wallafawa a Ingila a 1791. Saboda haka a wannan maƙala za a riƙa kiran sa dokin asali, da nufin dokin da aka rubuta salsalarsa.

Ta wajen uba, dawakin asali na duniya duka suna komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Gabas tsakanin shekarun 1680 da wajen 1730: Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka gudanar a Kwalejin Trinity ta Dublin, aka wallafa a 2001, ya nuna cewa kimanin kashi 95 cikin ɗari na mazan wannan iri daga Darley Arabian suka fito. Sana'ar gaba ɗaya ta ginu ne a kan abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tarihin Secretariat wuri ne mai kyau na gwada wannan magana, domin ya gaskata ta a wani fanni, ya kuma ƙaryata ta a wani.

2.0 Haihuwa da Salsala

An haifi Secretariat ranar 30 ga Maris, 1970, a gandun kiwon dawaki na Meadow da ke jihar Virginia, mallakar Christopher Chenery. Jan doki ne mai fari a ƙafafu uku da ɗan fari a goshi, abin da ya sa daga baya aka yi masa laƙabi da Babban Ja. Ubansa Bold Ruler ne, ɗan Nasrullah, uwarsa kuma Somethingroyal, 'yar Princequillo.

Yadda ya faɗo hannun gidan Chenery abin lura ne. Iyalan Phipps, masu Bold Ruler, ba kuɗi suke karɓa ba a madadin barbarar ingarman nasu. Sharaɗinsu shi ne a kawo goɗiyoyi biyu shekara biyu a jere, sannan a raba 'ya'yan ta hanyar ƙuri'a. Wanda ya ci ƙuri'a shi zai fara zaɓe a cikin 'ya'yan shekarar farko, wanda ya faɗi kuma ya fara zaɓe a na shekara ta biyu. A 1969 aka jefa kwandala, Ogden Phipps ya ci, ya ɗauki 'yar da Somethingroyal ta haifa a wannan shekara. Da yake ɗaya goɗiyar ta shekara ta biyu ba ta ɗauki ciki ba, abin da ya rage wa Penny Chenery, wadda ke tafiyar da gandun saboda rashin lafiyar mahaifinta, shi ne cikin da Somethingroyal ke ɗauke da shi. Wannan ciki shi ne Secretariat. Wadda Phipps ya zaɓa, mai suna The Bride, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da shi, amma ba ta ci tsere ko ɗaya ba. Tun daga nan mai nazari zai fara shakkar cewa asali shi kaɗai ke yin doki.

Masana salsala na wancan lokaci suna da ra'ayi tabbatacce a kan 'ya'yan Bold Ruler: suna da zafin gudu, suna kuma nuna kansu da wuri, amma ba su da juriyar nisan zango. Shi kansa Bold Ruler ya ci gasar Preakness a 1957, amma na huɗu ya zo a Kentucky Derby, na uku kuma a Belmont. Princequillo kuwa an san zuriyarsa da jimiri. Haɗa jinin biyu ƙoƙari ne na samun sauri da juriya a jiki ɗaya, abin da masu kiwo da yawa suka gwada ba tare da dacewa ba.

3.0 Shekarar Farko a Fage

A ƙasashen arewacin duniya ana ƙirga shekarun dokin asali daga 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi, kuma yana fara tsere ne yana ɗan shekara biyu. Secretariat ya shiga tserensa na farko ranar 4 ga Yuli, 1972, a filin Aqueduct na New York, a ƙarƙashin horon Lucien Laurin. An bangaje shi a wajen tashi, ya zo na huɗu. Wannan ne karo ɗaya tilo a rayuwarsa da ya kasa shiga cikin ukun farko. Daga tserensa na uku Ron Turcotte, ɗan ƙasar Kanada, ya zama mahayinsa.

A wannan shekara ya fita sau tara, ya ci bakwai. Ya riga kowa isa a gasar Champagne ma, sai dai alƙalai sun mayar da shi na biyu bisa laifin gogar wani doki mai suna Stop the Music. A ƙarshen 1972 aka zaɓe shi Dokin Shekara na Amurka, lambar da ba kasafai ɗan shekara biyu ke samu ba.

4.0 Yarjejeniyar da ta Yanke Wa'adi

Christopher Chenery ya rasu ranar 3 ga Janairu, 1973, ya bar wa magadansa harajin gado na miliyoyin daloli. Hanyar da ta rage musu ita ce su sayar da haƙƙin barbarar Secretariat. Seth Hancock na gandun Claiborne da ke Kentucky, wanda shi ma bai daɗe da gadar mahaifinsa ba, ya shirya cinikin. Aka kasa dokin hannun jari 32, kowane ɗaya a kan dala 190,000, jimilla dala miliyan 6.08, farashin da ba a taɓa biya ba a kan doki kafin nan. Mai hannu ɗaya yana da damar kawo goɗiya ɗaya a kowace shekara muddin ingarman na raye.

Abin da ya fi muhimmanci a yarjejeniyar shi ne sharaɗin cewa dokin zai bar tsere a ƙarshen 1973. An sa hannu a kan wannan tun a watan Fabrairu, wato kafin Secretariat ya yi gudun da ya wuce mil ɗaya da ɗan ƙari. Masu zuba jarin caca suka yi a kan alkawarin asali, kuma daga ranar da suka biya, kowane tsere ya zama haɗari ga dukiyarsu. Idan ya ci, darajar ta ƙaru kaɗan; idan ya faɗi, ta ragu; idan ya karya ƙafa, ta tafi baki ɗaya. Alƙaluma sun isa bayani: duk abin da Secretariat ya ci a fage a rayuwarsa dala 1,316,808 ne, bai kai rubu'in kuɗin da aka saye shi don barbara ba.

Fargabar masu jari ta bayyana a fili ranar 21 ga Afrilu, lokacin da ya zo na uku a gasar Wood Memorial, bayan Angle Light da Sham. Nan take aka farfaɗo da tsohuwar magana cewa ɗan Bold Ruler ba zai kai mil ɗaya da rubu'i ba. Daga baya ne aka bayyana cewa yana da ƙurji a cikin leɓensa na sama, wanda ya hana shi kama linzami yadda ya saba.

5.0 Makonni Biyar na Kambi Uku

Kambi Uku na Amurka gasanni ne na 'yan shekara uku kaɗai, saboda haka doki sau ɗaya yake samun damarsu a rayuwa. Ana yin su cikin makonni biyar, a filaye uku, da nisa daban-daban. Rabon da a samu wanda ya haɗa ukun tun Citation a 1948, har wasu marubuta sun fara cewa abin ya wuce ƙarfin dawakin zamani.

Kentucky Derby ta gudana ranar 5 ga Mayu a Churchill Downs, nisan mil ɗaya da rubu'i, wato kimanin mita 2,000, tsakanin dawaki 13. Secretariat ya tashi a baya, ya riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya cim ma Sham a kwanar ƙarshe, ya kuma bar shi da tazarar tsawon doki biyu da rabi. Lokacinsa minti 1 da sakan 59.4, ya karya tarihin minti 2 cif da Northern Dancer ya kafa a 1964. Amma abin da masana suka fi jinjinawa shi ne yadda gudun ya kasu. Rubu'in mil na farko ya yi shi cikin sakan 25.2, na biyu 24, na uku 23.8, na huɗu 23.4, na biyar 23. A tseren turɓaya na Amurka, doki yakan fita da ƙarfi ne sannan gudunsa ya riƙa raguwa, wanda ya yi nasara shi ne wanda nasa ya fi jinkirin raguwa. Secretariat kuwa ƙara gudu yake yi har ya tsallake layi. Sham, wanda ya fasa haƙora biyu a ƙofar tashi, shi ma bisa lissafin tazarar ya yi gudun da ya kai ya ci gasar a kusan kowace shekara.

A Preakness, ranar 19 ga Mayu a filin Pimlico na Baltimore, Turcotte ya yi abin da mahaya ke gudu: ya saki dokin tun a kwanar farko, ya zagaye sauran ta waje daga na ƙarshe zuwa na farko. Sham ya sake zuwa na biyu da tazara irin ta farko. Lokacin wannan tsere ya zama abin jayayya na shekara 39. Agogon lantarki na filin ya nuna 1:55, ma'aikacin filin mai agogon hannu ya samu 1:54.4, wakilan jaridar Daily Racing Form biyu kuma suka samu 1:53.4. Sai a watan Yuni na 2012 Hukumar Tsere ta Maryland ta sake duba hotunan bidiyo da na'urorin zamani, ta tsayar da 1:53, wanda ya zama tarihin gasar.

A 1973 Belmont ita ce mafi nisa, mil ɗaya da rabi, kimanin mita 2,400, kuma a nan ne ake sa ran ɗan Bold Ruler zai sare. Dawaki biyar kaɗai suka fito ranar 9 ga Yuni. Secretariat da Sham suka tashi kafaɗa da kafaɗa da wani irin gudu da ya fi dacewa da gajeren zango: rabin mil cikin sakan 46.2, rubu'i uku cikin 1:09.8. Duk wanda ya san sana'ar a wurin ya ɗauka mahayan biyu sun kashe dawakinsu. Ga Sham haka abin ya kasance, ya janye, ya ƙare a na ƙarshe, bai kuma sake tsere ba saboda tsagewar ƙashi da aka gano a ƙafarsa daga baya. Secretariat ya ci gaba shi kaɗai. Ya wuce mil ɗaya da rubu'i cikin 1:59, wato ya fi lokacinsa na Derby sauri alhali da sauran rubu'in mil a gabansa. Ya isa layi cikin minti 2 da sakan 24, da tazarar tsawon doki 31 tsakaninsa da Twice a Prince, abin da ya haura mita 70. Tsohon tarihin, na Gallant Man a 1957, 2:26.6 ne. A sana'ar da ake karya tarihi da kashi ɗaya cikin biyar na sakan, shi ya rage fiye da sakan biyu da rabi. Matsakaicin gudunsa ya kai kilomita 60 a awa. Mafi kusa da aka zo da wannan lokaci a gasar tun daga nan shi ne 2:26.

Tun kafin Belmont hotonsa ya hau bangon mujallun Time da Newsweek da Sports Illustrated. Amurkawa a lokacin suna cikin zaman binciken badaƙalar Watergate da ɗacin yaƙin Biyetnam, ba mamaki da suka rungumi gwarzon da ba ya magana.

6.0 Sauran Watanni

Bayan Kambi Uku ya fita sau shida, ya faɗi biyu. Onion ya kayar da shi a gasar Whitney a Saratoga cikin Agusta, lokacin da yake fama da zazzaɓi. Prove Out kuma ya kayar da shi a Woodward cikin Satumba, a fili mai taɓo, bayan an shigar da shi a ƙurarren lokaci a madadin abokin bargarsa Riva Ridge. Mutum ɗaya ne ya hori dawakin biyu da suka kayar da shi, Allen Jerkens. Tsakanin waɗannan ya kafa tarihin duniya na mil ɗaya da sumuni a Kofin Marlboro, 1:45.4. Tserensa biyu na ƙarshe a kan ciyawa aka yi su, filin da bai taɓa takawa a gasa ba, ya kuma ci duka: Man o' War a Belmont, sai Canadian International a Woodbine ta Toronto ranar 28 ga Oktoba, inda Eddie Maple ya hau shi saboda an dakatar da Turcotte. Jimilla tsere 21, nasara 16, cikin ƙasa da wata 16. A watan Nuwamba aka kai shi Claiborne.

Abin da aka rasa ta wannan ritaya yana fitowa idan aka dubi dokin da ya zo na huɗu a Derby ta 1973, wato Forego. Shi an yi masa fiɗiya, ba shi da zuriyar da za a sayar, don haka aka bar shi a fage har 1978. Ya yi tsere 57, ya ci 34, ya zama Dokin Shekara sau uku a jere daga 1974 zuwa 1976, ya kuma ci Kofin Marlboro na 1976 ɗauke da nauyin fam 137. Dokin asali ba ya cika ƙarfi sai ya kai shekara huɗu zuwa biyar, kuma a tsarin Amurka na lokacin, gwajin manyan dawaki shi ne a ɗora musu nauyi fiye da na abokan karawarsu. Secretariat bai taɓa ɗaukar fiye da fam 126 ba, wato kimanin kilo 57. Masu fifita Man o' War a kansa da wannan suke kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai laifin na takardar da aka sa wa hannu a Fabrairu ne.

7.0 Zuciya da Zuriya

Ya mutu ranar 4 ga Oktoba, 1989, yana ɗan shekara 19. Ciwon kofato ne ya kama shi, wanda ke kumbura naman da ke riƙe ƙashin ƙafa da bangon kofato, da ya ƙi jin magani aka yi masa allurar hutawa. An binne shi ɗungurungum a Claiborne, girmamawar da ba a cika yi ba, domin al'adar can kai da zuciya da kofatai kaɗai ake binnewa.

Likitan da ya buɗe gawarsa, Thomas Swerczek na Jami'ar Kentucky, ya tarar da zuciya lafiyayya mai girman gaske. Bai ɗora ta a kan sikeli ba. Ƙiyasin fam 22, kimanin kilo 10, da ake yawan ambatawa ya yi shi ne bayan ya auna zuciyar Sham a 1993 ya samu fam 18. Zuciyar dokin asali takan kasance wajen fam 9. Dalilin muhimmancin wannan a bayyane yake. Doki a cikin sukuwa yana numfashi sau ɗaya a kowane taku, ta hanci kaɗai, saifarsa kuma tana matso jajayen ƙwayoyin jini da ta tara zuwa cikin jijiyoyi, bugun zuciyarsa ya haura 220 a minti. Tun da yawan bugun yana da iyaka, abin da ke bambanta dawaki shi ne yawan jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya. Wannan na iya bayyana ƙarin gudun Derby da rubu'in ƙarshe na Belmont. Akwai masu cewa girman zuciya ta wajen uwa ake gadonsa, daga Princequillo ta hanyar Somethingroyal, amma wannan hasashe ne da kimiyya ba ta tabbatar ba, kuma bai kamata a ɗauke shi fiye da haka ba.

Su kuwa masu jari, me suka samu? Ta fuskar kuɗi ba su yi asara ba. A 1976 an sayar da wani ɗansa, Canadian Bound, a kasuwar Keeneland a kan dala miliyan 1.5 yana ɗan shekara ɗaya, farashin da ba a taɓa gani ba, bai kuwa ci tsere ko ɗaya ba. Cikin 'ya'ya fiye da 600 da Secretariat ya haifa akwai fitattu: Lady's Secret, Dokin Shekara ta 1986, Risen Star, wanda ya ci Preakness da Belmont a 1988, da Kingston Rule, wanda ya kafa tarihin Kofin Melbourne na Ostireliya a 1990. Wannan sakamako ne da kowane ingarma zai yi alfahari da shi, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya kusanci ubansa, kuma babu ɗa namiji da ya riƙe layin gidan da ƙarfi. Lissafi ma bai ba da damar hakan ba: dokin da ya yi wa irinsa nisa haka, rabin halittar ɗansa daga goɗiya za ta fito, haɗuwar da ta samar da shi kuma ba ta maimaituwa, kamar yadda labarin 'yar'uwarsa The Bride ya nuna.

Jininsa ta wajen 'ya'ya mata ya bi. Terlingua ta haifi Storm Cat, Secrettame ta haifi Gone West, Weekend Surprise kuma ta haifi A.P. Indy, wanda ya ci Belmont a 1992, kuma ukun nan suna cikin ingarmun da suka fi tasiri a Amurka a ƙarshen ƙarni na 20. Ta hanyar Storm Cat, dawaki biyu na baya-bayan nan da suka ci Kambi Uku, American Pharoah a 2015 da Justify a 2018, duka jikokin Secretariat ne na nesa. Su ma an cire su daga fage suna 'yan shekara uku aka kai su barbara. Justify tsere shida kacal ya yi, na farko a watan Fabrairu, na ƙarshe a watan Yuni na shekara guda.